Warin da ke cikin sif ɗin Auta

1/ Jama'a, bari in ba ku labarin abin da ya faru a gidanmu bayan bikin autarmu. Na daɗe ina son rubuta shi, nauyin Baba ne ya hana ni. Jiya na tambaye shi, ya ce in rubuta, wataƙila wani ya amfana. Zaren yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri. Masu shirin jere musamman, ku daure ku kai ƙarshe.

2/ Babanmu kafinta ne. Ya haura shekara arba'in yana sana'ar a nan Kano. Da zarto da guduma ya ciyar da mu, ya biya mana makaranta, har na karanta kimiyyar sinadarai, yanzu ita nake koyarwa a sakandare. Duk yayyena mata da aka aurar, shi ya yi musu gado da hannunsa, na maɗaci. Na babbar yayarmu har yau yana nan, yara shida sun yi tsalle a kansa bai ko motsa ba.

3/ Da aka sa ranar Auta, sai ta zo da hoto a waya. Fari tas, yana sheƙi, sif mai ƙofa shida, allon gado har kusan rufi. Ta ce, "Baba, irin wannan nake so, shi ake yayi." Baba ya duba ya ce wannan ai ba aikin maɗaci ba ne, na MDF ne. Dama ba ya son katakon nan, garin katako mai kwalliya yake ce masa. Amma kun san auta.

4/ Ya shiga kasuwa ya sayo katakon, ya kai wata guda yana aikin shi da yaran shago. Wallahi ya yi kyau. Ranar jere mata sai ɗaukar hoto suke, ana tambayar wane kamfani ne ya yi. Umma tana cewa, "Babanta ne," tana murmushi. Ban taɓa ganin Baba yana alfahari da wani aiki kamar wannan ba.

5/ An gama haɗa kayan saura kwana biyar ɗaurin aure. Aka rufe ɗakin ruf saboda ƙura, aka saki labule mai kauri, ledar da ke jikin sabbin tagogi ma ba a cire ba. Watan Afrilu ne, kun san zafin Kano a lokacin, ma'auni yana taɓa 40. Ɗakin ya kwana biyar yana dahuwa. A cikinsa aka kai amarya.

6/ Sati na biyu ta kira Umma tana kuka. Idanu suna mata yaji, maƙogwaro yana kaikayi, ga tari da dare, ga ciwon kai. Umma ta ce gajiyar biki ce. Sati na uku numfashi ya fara yi mata wuya, har sai da mijinta ya kai ta asibiti cikin dare. Aka ba ta magani da abin shaƙa, ta dawo garau. Kwana biyu, abu ya dawo sabo.

7/ Daga nan magana ta fara yawo. A ɓangaren dangin miji aka fara raɗe-raɗin wai dama tana da ciwo muka ɓoye. A namu ɓangaren Gwaggo ta ce baki ne, kayan ɗakin sun yi kyau da yawa, an yi ta yaɗa hotuna. Aka kawo rubutu, aka kawo hayaƙi, aka ƙara turaren wuta safe da yamma. Addu'a kam mun yi, kuma ba mu daina ba. Amma tarin sai gaba yake yi.

8/ Abin da ya fara tsaya min a rai shi ne wata magana da ta yi min a waya. Ta ce, "Yaya, ni fa abin mamaki, in na zauna a layin asibiti sai in ji na warke tun kafin in ga likita. Ina dawowa gida in kwanta, shi ke nan." Mijinta kuma, da yake fita aiki tun safe, ya ce shi idonsa kawai ke ɗan yin ja da asuba.

9/ Ranar Asabar na je. Muka gaisa a falo, na nemi izinin mijin in leƙa ɗakin. Ina shiga ƙamshin turare ya tare ni, amma a ƙarƙashinsa akwai wani abu mai yaji. Na buɗe ƙofar sif guda ɗaya na sa kaina. Kafin in ƙirga goma hawaye ya cika min ido, hancina kamar an busa min barkono.

10/ Na san warin nan. Duk wanda ya yi ajin kimiyya a sakandare ya san shi. Kwalaben nan na ɗakin gwaje-gwaje da ake ajiye kwaɗo da ƙadangare a cikin ruwa, shekara da shekaru ba su ruɓe ba. Ruwan nan sunansa fomalin. Shi ne dai ake amfani da shi a mutuware don kada gawa ta lalace. Warinsa ne a cikin sif ɗin amarya.

11/ To me ya kai shi can? Bari in sa rigar malanta kaɗan, ba zan wahalar da ku ba. Asalin sinadarin sunansa fomaldihaid. Iska ce marar launi mai wari mai yaji, ƙwayarta ƙarama ƙwarai: kabon ɗaya, haidurojin biyu, oksijin ɗaya. Idan aka narkar da ita a ruwa, kusan kashi 37 cikin ɗari, shi ne fomalin.

12/ Wani masani ɗan Rasha, Alexander Butlerov, shi ya fara ba da labarinsa a 1859. Bayan 'yan shekaru wani Bajamushe, August Wilhelm von Hofmann, ya samar da shi ta hanyar bi da tururin metanol da iska a kan ƙarfen filatinam mai zafi. Har yau daga metanol masana'antu ke yin sa, sai dai yanzu da azurfa ko wasu ƙarafa ake taimaka wa haɗin, kuma miliyoyin tan ake yi duk shekara.

13/ Me ake yi da wannan uban yawa? Ba gawa ake wankewa da shi ba. Kaso mafi tsoka yana tafiya ne wajen yin gam da roba mai tauri. Halinsa ke nan: yana kama ƙwayoyin wasu sinadarai ya ɗaure su da juna kamar saƙar raga, in suka daskare ba sa sake narkewa. Halin nan ne ma yake sa ya taurara naman kwaɗo a kwalba, kuma shi yake sa ido yaji.

14/ A 1907, a Amurka, wani ɗan asalin Beljiyam mai suna Leo Baekeland ya haɗa shi da fenol, ya fitar da Bakelite, robar farko da aka yi gaba ɗaya daga sinadarai. Tsofaffin wayoyin tarho baƙaƙe, makunnin wuta na gidajen da, hannun tukunya da ba ya narkewa a wuta, duk danginsa ne.

15/ In aka haɗa shi da melamin, sai a sami farantan nan da kofuna marasa fashewa da ke kowane gida. In kuma aka haɗa shi da yuriya, e, yuriyar nan dai ta takin zamani da manoma ke sa wa masara, sai a sami gam mai araha, fari, mai saurin kamawa. Wannan gam ɗin shi ne ruhin MDF.

16/ Domin MDF ba itace ba ne da aka yanko aka fere. Itace ake niƙewa ya koma zare-zare kamar auduga, a cakuɗa da gam, a danne da zafi ya zama falle. Maganar Baba ta garin katako mai kwalliya ba ta yi nisa da gaskiya ba. Kuma cikin katakan da ake dannewa, shi ya fi shan gam, shi ya sa aka san shi da fitar da wannan iska fiye da sauran.

17/ Matsalar gam ɗin yuriya biyu ce. Na ɗaya, akwai ragowar fomaldihaid da bai gama ɗaurewa ba, yana fita a hankali. Na biyu, zafi da laima suna warware ɗaurin da kansa, wani ya sake fitowa. Sabon katako ya fi fitarwa, yana raguwa da watanni. Gam ɗin fenol ya fi riƙe nasa, shi ya sa katakon da aka yi da shi bai kai wannan fitarwa ba.

18/ Yanzu ku haɗa lissafin da kanku. Sabon MDF cike da ɗaki: gado, sif, madubi, durowa biyu. Bayan sif da cikin durowa da duk bakin da aka yanka, tsirara, ba fenti ba shafi. Zafin Afrilu. Taga a rufe. Amarya ba ta fita ko ƙofar gida. Sannan turaren wuta, wanda hayaƙinsa ma yana ɗauke da fomaldihaid, kamar hayaƙin itace da na taba. Sabon fenti ma ya ƙara nasa.

19/ Ba a kanmu aka fara ba. Bayan guguwar Katrina ta 2005 a Amurka, gwamnati ta raba wa dubban iyalai ƙananan gidajen tirela, cikinsu duk irin wannan katako. Mutane suka yi ta kukan tari, ciwon kai da yajin ido. Hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta auna sama da 500, a farkon 2008 ta ce iskar ta yi yawa, a kwashe mutane kafin zafi ya shigo.

20/ Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idarta ta 2010 kan iskar cikin gida, ta ce kada ya wuce miligiram 0.1 a kowace mita kubik ta iska, a ma'aunin minti 30. Ɗan mitsitsi ne. In har ka buɗe durowa idonka ya kawo ruwa, ba sai an kawo maka na'ura ba kafin ka buɗe taga.

21/ Akwai kuma magana mai nauyi, zan faɗe ta yadda take. A 2004 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Liyon na Faransa, ta sa fomaldihaid a rukuni na ɗaya, wato abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa ga ɗan Adam: ta bayan hanci, daga baya aka ƙara da ta jini.

22/ Amma kada wani ya je ya ƙona gadonsa. Hujjar ta fito ne galibi daga ma'aikatan da suka shekara da shekaru suna shaƙar sa da yawa, irin na masana'antu da masu gyaran gawa. Jikinmu ma yana yin ɗan kaɗan da kansa, ya kuma sarrafa shi nan da nan. Yawa da daɗewa su ne abin tsoro. Da na tuna haka, ba Auta ce ta faɗo min a rai ba. Baba ne, da yaran shagonsa.

23/ A nan na tsaya. Bayani a aji abu ne mai sauƙi. Amma yaya zan kalli mutumin da ya yi wata guda yana sunkuye, ya ƙi karɓar sisin kowa, in ce masa kayan da ya yi wa 'yarsa su ke hana ta numfashi? Na kwana biyu ina juya maganar. Na fara gaya wa Umma, ta ce, "Ni ba ruwana, kai da Babanka."

24/ Bayan sallar isha'i na same shi a kan tabarma a ƙofar ɗakinsa. Na yi ta kewaye-kewaye, har ya ce, "Kai, faɗi abin da ya kawo ka." Na faɗa. Na ce ba aikinsa ba ne, gam ɗin da ke cikin katakon ne tun daga masana'anta. Ya yi shiru har na zaci ba zai amsa ba. Can ya ce, "Shekara arba'in ban taɓa cutar da ɗan kowa ba, sai tawa?" Ya tashi ya shige.

25/ Daren nan ban yi barcin kirki ba. Na yi ta zargin kaina, ko da na bari na samu mijin mun fitar da kayan a ɓoye. Amma a ɓoye yaya? Sif mai ƙofa shida ba a sa shi a aljihu. Kuma in dangin miji suka ga ana fitar da kayan amarya ba bayani, wata sabuwar magana ce.

26/ Da asuba muna dawowa daga masallaci ya rage tafiya har na iso shi. Bai kalle ni ba ya ce, "In muna yanka katakon nan yara suna hawaye. Ni ma ƙirjina yana min nauyi da yamma. Na ɗauka ƙura ce." Sai ya ce, "To malam, me ake yi?" Tunda nake bai taɓa ce min malam ba sai ranar.

27/ Shi da kansa ya je wajen mahaifin angon. Ban san duk abin da suka tattauna ba sai abin da ya gaya mana: ya ce musu yarinya ba ta zo da wani ɓoyayyen ciwo ba, kayan da ya yi ne, kuma shi zai gyara. Ku da kuka san dattawanmu kun san nauyin wannan magana a bakin mai sana'a. Daga ranar raɗe-raɗin ya mutu.

28/ Aka mayar da Auta ɗaya ɗakin, katifa a ƙasa, taga a buɗe, fanka tana aiki. Aka dakatar da turaren wuta, wanda shi ne ya fi yi wa Gwaggo ciwo. Baba da yaransa suka kwance sif da durowoyin, suka jera su a rumfa inda iska ke ratsawa, ba a rana ba, ba inda ruwa zai taɓa ba, don MDF in ya sha ruwa kumbura yake.

29/ Bayan sati uku ya bi duk inda katakon yake tsirara, baya da ciki da bakin yanka da ramukan ƙusa, ya shafe da banish, ya bari ya bushe sosai a waje. Shafin ba ya hana fitar gaba ɗaya, yana dai ragewa. Gindin gadon kuwa cire shi ya yi, ya sa maɗaci. Ya ce inda za ta sa kanta ta kwana ba zai yi ciniki a kai ba.

30/ Mun koma wajen likita da wannan bayanin. Ya ce ƙirjinta dama mai saurin kamuwa ne, irin masu asma, kuma irin wannan iska tana tayar da shi. Ya ce ta ci gaba da magani, kada a ce an gano dalili a watsar. Cikin kwana goma tarin dare ya tsaya. Kayan sun koma ɗaki bayan wata biyu. Yanzu in ka buɗe sif ɗin ƙamshin humra kawai za ka ji.

31/ Shagon Baba ma ya canza. Yankan MDF ya koma waje. Ya sayo takunkumi, ya ce duk yaron da bai sa ba ya tafi gida. Na gaya masa gaskiya: takunkumin yana tare ƙura ne, ba ya tare iskar, ita sai sarari. Duk da haka ƙurar ma ba ƙaramar illa ba ce, gari ce mai laushi da gam a jikinta, kai tsaye huhu take nufa.

32/ Abin da har yanzu yake damuna: a Turai akwai ma'aunin da ake kira E1, a Amurka an yi doka a 2010 da ta iyakance yawan abin da irin wannan katako zai fitar, ana buga hatimi a jiki. Da Baba ya koma inda ya sayi nasa yana tambayar hatimi, dariya aka yi masa. Mai shagon ya ce, "Alhaji, kauri da kala ake tambaya a nan."

33/ Kuma ba na ganin laifin mai saye. Maɗaci ya yi tsada, itatuwan ma ƙarewa suke, uba yana da 'ya'ya mata uku ko huɗu a gabansa. MDF ya rufa wa mutane da yawa asiri. Ba cewa nake a daina ba. Cewa nake a san abin da aka shigo da shi ɗaki, a kuma ba shi lokaci ya huce.

34/ Ga abin da muka koya, ku ɗauka kyauta:
A gama kayan ɗaki da wuri, ko da wata guda ne kafin biki.
A ajiye su inda iska ke shiga, ƙofofin sif da durowa a buɗe.
A ce wa kafinta ya rufe duk bakin yanka da bayan kaya.
Bayan jere kada a toshe ɗaki, a riƙa buɗe taga kullum.

35/ In mutum yana samun sauƙi a waje, ciwo yana dawowa a ɗaki, a binciki ɗakin.
Jariri, mai ciki, tsoho da mai asma kada su kwana cikin sabbin kaya masu wari.
Turare ba ya kashe warin, rufe shi yake, ya ƙara nasa hayaƙin.
In numfashi ya yi wuya, asibiti tukuna, sauran bayani daga baya.

36/ Tunda na ambaci farantan melamin: ku ci abincinku a ciki, ba komai. Amma kada a dafa abu a ciki, kada a sa su a na'urar ɗumama abinci. Hukumar tantance haɗarin abinci ta Jamus ta ja layi a zafin digiri 70, sama da haka sinadaran suna iya zubowa cikin abinci. Wanda ya tsage ko ya dusashe, a sallame shi.

37/ Saura abu ɗaya da ban ci nasara ba. Nauyin ƙirjin nan da Baba ya ambata, har yau ina bin sa ya je a duba shi. Kullum sai ya ce bayan ya gama aikin da ke hannunsa, kuma aiki ba ya ƙarewa a hannun kafinta. Auta ta ce ita za ta kai shi da kanta ranar Litinin, tunda ita ba ya iya ce mata a'a. Ku sa mu a addu'a.

38/ Wanda yake da ƙanwa ko 'ya da ake shirin yi wa jere, ya tura mata. Wanda yake da ɗan'uwa kafinta, ya karanta masa, amma da ladabi, don ba su suka haɗa gam ɗin ba, kuma su suka fi kowa shaƙar sa. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sa albarka a sana'ar iyayenmu.